Ranar da kwamfuta ta raɗa wa abokina suna

Shekarun baya, ina sabon shiga koyon JavaScript, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi, 'yan ajinmu na sakandare suka shirya haɗuwa a Kontagora. Don a san ni ma ina taɓa wani abu, na ce zan haɗa shafin da za a haska a bango: hoton kowa, in an danna shi, sunan tsokanarsa na makaranta ya fito. Ba wanda ya roƙe ni fa.

Kowane hoto na maƙala masa sunan a cikin wata alama da na ƙirƙira a HTML, wato rubutun da ake gina shafi da shi, na kira ta lakabi. Sai na rubuta hoto.lakabi don kwamfuta ta ɗauko sunan, na ce shi ke nan. Ban gwada ba, na shagala da zaɓen launin rubutu.

Ranar taron ɗakin ya cika, har tsohon malaminmu na lissafi ya zo. Hoton farko na wani abokina ne, manomi daga Tungan Magajiya, wanda ya bar girbin dawarsa ya taho. Na danna. Sai ga rubutu ja, ɓaro-ɓaro a ƙarƙashin fuskarsa: undefined, wato kwamfuta ba ta samo sunan ba.

Ya miƙe tsaye. "Andifain? Ni? Wa ya taɓa kirana haka a ajin nan?"

Na danna na biyu, haka. Na uku, haka. Malam ya gyara tabarau ya ce, "Ashe duk sunanku ɗaya."

Wata 'yar ajinmu mai aikin kwamfuta a Minna ta matso tana danne dariya. "Injiniya, ɗan matsa." Ta duba ta ce, "Alamar da ka ƙirƙira da kanka, ba a ɗauko ta haka. Sai ka sa getAttribute, ka ba shi sunanta, sannan ya karanto maka abin da ke ciki."

Layi ɗaya ta gyara. Na koma hoton farko, sai ga sunan gaskiya: Sarkin Barci.

Aka fashe da dariya. Abokina ya ɗaga hannu ya ce, "Don Allah a mayar min da wancan, ya fi daraja."

Tun ranar ba na nuna aiki sai na gwada shi ni kaɗai. Kunyar ta daɗe da wucewa, amma sunan ya zauna. Kwanaki na kira wayarsa, matarsa ta ɗauka ta ce, "Andifain yana gona, in ya dawo zai kira ka."