Salamatu ta ayaropor tana jiran mai wanke ta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Salamatu ta rasu.

Da safen nan ina shan koko 'yata Zuwaira ta shigo da waya a hannu, ta tsaya bakin ƙofa. Na ce faɗi mana, wa ya tafi? Ta ce Anti Salamatu ta ayaropor, wato filin jirgi. Ga kokon nan har ya yi fata, na kasa komawa kansa.

Ni ce Tabawa mai goro, ta tsohon Zongo, wadda ke wa mata wankan gawa. Ban iya rubutu ba, Zuwaira ke buga abin da nake faɗi a fesbuk ɗinta. Na ce kada ta gyara min magana.

Bayan La'asar za a kai ta, daga gidanta na unguwar Gounghin. Ƙanenta ya ce har yanzu ba a yi mata wanka ba. Ba ta haihu ba, mijin ya daɗe da rasuwa. Maƙwabtanta Mosawa sun cika tsakar gida, Allah ya saka musu, amma sun ce suna jiran danginta, ba za su riga mu taɓa ta ba. Macen Zongo ko ɗaya ba ta leƙa ba.

Ni kuwa ga ni can a unguwar Cissin, cikin ɗaki mai taga ɗaya. Ƙafafun nan sun mutu tun bara waccan. Ko bayan gida sai an ɗaga ni. Da muna Zongo kamar da, kafin a rushe mana unguwa a watsa mu, da rarrafe ma na isa.

Na san abin da ya hana ku zuwa. Ku ma kun sani.

Salamatun nan a bayana ta yi barci, ranakun da uwarta ke kasuwa. Gidanmu dab da wayar filin jirgi yake. In jirgi zai tashi, kwanon rufi har rawa yake, yara su toshe kunne su watse. Ita sai ta je ta saƙale yatsu a waya tana kallo, sai an janyo ta. Ta yi lakwal, wato boko, ta shiga polis, aka ajiye ta a ƙofar da ake binciken mata kafin su shiga jirgi.

To wata shekara matar Liman za ta Makka, injin nan na bincike ya yi kuka a kanta. Salamatu ta kai ta ƙaramin ɗaki, ta ce ta cire mayafi da ɗankwali. Ashe allurar kitso ce ta ƙarfe. Kafin jirgin ya sauka Jidda, duk Zongo an ji wai Salamatu ta tuɓe matar Liman tsirara. Daga ranar sunanta ya koma Mai Lalube. Aka ce man shanu da zumar da take karɓewa gida take kaiwa. In ta zo biki ta zauna a tabarma, sai ka ga mata suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, ta rage ita da takalminta.

Na taɓa ce mata, ke 'yar nan, ki roƙi shef ɗinku, babbanku na aiki, ya canza miki wuri mana.

Ta ce, "Inna, na roƙa har na gaji. Ya ce ni kaɗai ke jin bakin tsofaffinmu. In kuma na bar wurin, wa zai lalube ku? Wadda ba ta san sunanku ba?"

Ba ta iya barin ƙofar ba, ba ta iya komawa cikinmu ba. Haka ta zauna a tsakiya har ta yi furfura.

In lokacin aikin hajji ya matso, sai ta hau mobilet ɗinta, ɗan babur ɗin nan, bayan ta tashi aiki, ta bi gidajen masu tafiya, ta ce a buɗe kaya ta gani tun a gida, don kada a kunyata mutum a gaban jama'a. Wasu su ba ta zom-kom, ruwan garin geron nan, ta sha. Wasu su ce a ce mata ba sa nan.

Shekarar da Allah ya kira ni, ta zo ta zazzage jakata a kan tabarma. Almakashi, ta ce sai dai a babban kaya, ba a jakar hannu ba. Reza, babban kaya. Ta ɗago wani ƙunshi.

"Wannan fa, Inna?"

Na ce yaji ne.

"Duk wannan? Makka za ki ko gidan mai jego?"

Na ce ke dai ba ki san abincin Larabawa ba. Ta ce ke kin sani? Muka yi ta dariya.

Ta duba komai, amma ba ta duba jikina ba, don kunya. Ni ma ban tuna ba. Ku tsofaffi kun san 'yar wuƙar goro da muke ratayawa a igiyar ƙugu. Tawa ta marigayi maigida ce, da ita ya yi fataucin goro tun daga Kumasi. Ta daɗe a jikina har ta zama kamar yatsana. Wa ke tuna yana da yatsa?

Ranar tafiya injin ya yi kuka a kaina.

Aka sa ni a ɗakin nan. Jama'a, ɗakin nan ba taga, ba iska, fitila fara fat, sai kujera ɗaya. Ina jin ana kiran 'yan jirginmu da lasifika, abokan tafiya suna wucewa. Na ce shi ke nan, Makka ta wuce ni. Sai ƙofa ta buɗe, ga Salamatu cikin kaki, shef ɗinta na tsaye a waje.

Ta ce, "Inna, ki yafe min. Ɗaga hannu."

Ta lalube ni tun daga wuya har ƙafa, fuskarta na kallon bango. Ko sau ɗaya ba ta dubi jikina ba. Da ta taɓa wuƙar sai ta tsaya cak.

Na ce ta Malam ce, kin san ta. Ki ajiye min har in dawo.

Ta ce, "Ba ni da iko. Abin da aka karɓa a nan akwatin ƙarfe yake shiga, ba ya fita."

Na ce to miƙa wa Zuwaira, tana waje. Ta ce ba ta da izinin barin ƙofa, ni kuma in na fita jirgi ya tafi. Na ce ni ce fa, Salamatu. Wa zan soka?

Ta ce, "Na san ke ce. In na bar taki, da wane ido zan hana ta wanda ban sani ba? Kuma ke ce a cikin jirgin, Inna."

A gabana ta jefa ta cikin akwatin, na ji ƙararta. Sannan ta gyara min zane, ta ɗaure min shi da kanta, ta riƙe hannuna har bakin matakala. To ku masu cewa gida take kaiwa, wuƙar mijin matar da ta goya ta ma ba ta iya fitarwa ba, balle zumarku.

Da na dawo ta kawo min sabuwa, wajen maƙeri ta je aka ƙera. Ba ta kai ta Malam kaifi ba, na faɗa mata. Ta ce to maido. Na ce Allah ya kiyaye.

Ganinmu na ƙarshe bayan ƙaramar Sallah ne. Ta zo a tasi, ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Na fasa mana goro da wuƙar nan tata, ta kasa ci. Jirgi ya wuce ta saman gidan, ta ɗaga kai ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace.

Ta ce, "Kin san ban taɓa shiga ba? Ƙofar kawai na sani."

Na ce duk shekarun nan?

Ta ce, "Wallahi. Amma ban taɓa tura wata ciki zuciyata na ɗar-ɗar ba." Can ta ce, "Inna, ke za ki wanke ni. Ban yarda da zuwan kowa ba sai ke."

Na ce rufe min baki, ja'ira, ke za ki wanke ni. Ta ce ki dai ce to. Na ce to.

Na ce to, jama'a, ga ni kuma a zaune kamar tulu.

Hannuna na aiki. Ban manta komai ba. Mota nake nema, da maza biyu da za su ɗauke ni da kujerata, da mata biyu, ɗaya ta zuba ruwa, ɗaya ta juya min ita. Mata biyu kacal, cikin duk waɗanda suka bi ta ƙofarta suka dawo ana kiran su Hajiya. Ku na Larlé, ku na Cissin, ku na Gounghin da ke jin kiran salla ɗaya da ita, ban kira sunan kowa ba.

Ta taɓa jikinku tana kau da kai. Yau ita ce kwance tana jiran hannu.

Allah ka jiƙan Salamatu. Ka yalwata mata kabari, kada ka sa ta a ƙunci irin na ɗakin nan. Ka buɗe mata ƙofa ta wuce, wannan karon kada ta tsaya a baki. Mu kuma ka kyautata namu ƙarshen.

Duk wanda ya karanta ya ce amin, ya yi mata Ƙulhuwallahu. Wanda ke da mota ya yi wa Zuwaira magana a nan ƙasa.

Na sa mayafina, sabulu da turare suna cinyata. Zuwaira, bar ƙofar a buɗe.