Sunan Kakana a Bakin Mai Jakunkuna

Jama'a, yau daga China na sa Ummana kuka!

Kun san mahaifinta Baturen Denmark ne da ya yi aiki a Numan, ya tafi tana goye. Sunan Madsen kawai ya bar mata. Ɗazu ina duba jakunkuna a wani shago a garin Shiling, sai na ji mai shagon ya kira wata Baturiya, "Madam Madsen!" Wallahi nan take na nufi wajenta! Ko tambayarta ban yi ba, na kira Umma ta bidiyo. Na ce, "Umma, ga danginki!" Har mayafi ta gyara.

Na yi wa Baturiyar bayani, ta saurare ni, ta girgiza kai. Ta ce, "Yi haƙuri, a gidanmu ba wanda ya taɓa zuwa Najeriya. Sunan nan ya cika ƙasarmu." Ta buɗo min jerin shahararrun masu sunan a wayarta: 'yan ƙwallo, masu zane, malaman coci, wasu sun daɗe da mutuwa.

Sai Umma ta ce, "Hadiza, karanto min su duka, ko akwai wanda ya zauna a Numan."

Na karanta har ƙarshe. Babu ko ɗaya. Tana share hawaye ta ce in sake, a hankali.