Inna Ozella, Mai Tuɓe wa Sojoji Kaki

Kafin jirgin ƙasa na safe ya wuce, Inna Ozella Tarpley ta riga ta hura wuta ta ɗora tukunyar sitaci. Haka take yi tun kafin a haifi yawancinmu a garin Tallow Bend. Takan ware fararen kaya gefe, masu launi gefe, ta ce wannan ce kaɗai wariyar da ta taɓa ganin amfaninta a jihar Jojiya ta Amurka. Daga nan sai guga a tsaye har yamma, rediyo yana ta wa'azi babu mai sauraronsa. A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, domin gwiwoyinta sun ce sun gaji. Majalisar gari ba ta shirya mata komai ba. Hankalinta yana kan yi wa tsohuwar tashar jirgi fenti, wai wurin tarihi ne. Tarihi ne kuwa, sai dai ba wanda za su rubuta a jikin allo ba.

A wannan tashar ƙanenta Lucius ya sauka a shekarar 1946, bayan an gama yaƙin duniya, sanye da kaki, lambar yabo a ƙirji. Wasu fararen fata da ke zaman kashe wando a bakin tashar suka ce, "Kai yaro, cire kayan nan, ba irin naku ba ne." Ya ce gwamnati ce ta ba shi. Suka yi masa dukan da bai sake tashi ba, da rana tsaka, a gaban mai sayar da tikiti. Da aka yi bincike sai aka gano babu wanda ya ga komai. Da alama ranar ciwon ido ya game gari.

Ozella ta wanke kakin da hannunta, aka binne shi a ciki. Bayan 'yan kwanaki ta ɗauki kwando, ta shimfiɗa tsofaffin kayan noma a ƙasa, ta jera soyayyar kaza a sama, ta tafi tashar da jirgi ke tsayawa kafin tamu. Can take shiga taragon baƙaƙen fata kamar mai talla, idonta na neman kaki. Cleophus Dandridge yana cikin na farko da ta tare, kuma shi ya fi kowa ba da labarin, cikin fushi.

"Soja, ɗan gidan wa?" ta tambaye shi.

"Dandridge, na bayan injin auduga."

"Au, ɗan Hattie ne, mai manyan kunnuwan nan? To ga kaza. In ka gama, ga riga da wando, ka shiga bayi ka sake."

"Yaya, kin san daga inda nake kuwa? Mota na tuƙa cikin ruwan harsashi tun daga Faransa har Jamus."

"Sannu da ƙoƙari. Masu harbinka a can ba su san gidan uwarka ba."

"Uwar tawa tana tasha, tana jira ta gan ni a haka."

"Tawa ma ta jira," in ji Ozella.

Ya sake kayan. Ya sauka kamar wanda ya dawo daga ƙwadagon cirar auduga, har mahaifiyarsa ta kusa wuce shi. Ɗaya daga cikin mutanen bakin tasha ya nuna masa wani akwati ya ce, "Yaro, kai mini wannan mota." Cleophus ya ɗauka ya kai. Ya isa gida da ƙafarsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya kuma shafe shekaru yana tsallake titi duk lokacin da ya hango Ozella. Yakan ce abin da Jamusawa suka kasa yi masa, mai tallan kaza ta yi.

Ba shi kaɗai ba ne. Faston wancan lokaci ya yi wa'azi a kan matan da ke koya wa maza tsoro, kowa a coci ya san wa ake nufi. Ta ci gaba da hawa jirgi har sojoji suka gama dawowa, ta rataye kakinsu a ɗakin baya da kafur a aljihu, saboda asu. Wasu sun ƙi sakewa sun kuma tsira. Ɗaya ya ƙi, yau da sanda yake laluben hanya.

A shekarar 1965, da baƙaƙen fata suka tashi neman rajistar zaɓe, sai ga Cleophus a bakin shagon, yana kallon bango.

"Na zo karɓar kayana."

"Kayan da ka bari kana kamar karan dawa? Dubi tumbinka, bawan Allah."

"Wannan karon ba za ki ce in cire ba?"

"Wancan karon kai kaɗai ne. Ku nawa za ku fita?"

"Duk wanda kika tuɓe."

"To, ku zo in auna ku."

Ta farke ɗinki, ta ƙara wa wanduna faɗi, ta matsar da maɓallai, ta yi musu gugar da ba su samu ko a barikin soja ba. Suka jeru a ƙofar kotu, ita tana baya da kwando cike da tsummokara masu tsabta, domin ta san garinta. Kaki bai hana kulki sauka ba. An karya wa Cleophus muƙamuƙi. Amma wannan karon akwai masu ɗaukar hoto, sai ciwon idon ya yi sauƙi. Shekara na zagayowa suka jefa ƙuri'a, ita kuwa ta riga ta fitar da jinin daga kakin da ruwan sanyi da gishiri.

Ke ce, Inna, kika karɓi zagi domin uwayen wasu su sami abin da taki uwar ta rasa. Ke ce mai kwando, wadda ta san ranar ɓoye mutum da ranar fito da shi. Sunan Lucius ba ya kan dutsen tunawa da sojoji, wai ba a fagen fama ya mutu ba. Waɗanda suka kashe shi sun mutu a kan gadajensu, ɗaya har titi aka sa wa sunansa. Mu kuma da muke raye saboda ubanninmu sun sauka da kayan noma, mun bar ki kin tsufa muna miƙo miki wanki kawai.

Asabar ɗin da ta wuce Cleophus ya zo karɓar rigunansa na ƙarshe. Ya daɗe yana juya hula a hannu, har na gefe suka zaci godiyar da aka jima ana jira ce ta zo.

"Ozella," ya ce, "har yanzu fa ban yafe miki ranar nan ba."

Ba ta ɗago daga guga ba. "Madalla. Lucius bai sami damar riƙe kowa a zuci ba. Ka ci gaba, Allah ya ƙara maka kwanakin yi."

Mun gode, Inna, ko da yake mun makara. Ku kuma masu tasowa, idan wata rana ya zama sai kun zaɓa tsakanin a gode muku da mutum ya isa gida da ransa, ku yi abin da ta yi, kada kuma ku tsaya jiran godiyar.