Irin geron mahaifina

Irin geron mahaifina yana ƙasar Turawa, cikin wani ɗakin sanyi. Ni na ba da shi da hannuna.

A ƙauyenmu, kusa da Dogarawa, ba a sayar da iri, ba a kuma hana shi. Wanda ya zo nema sai ka ba shi. Da kaka sai ya dawo maka da zangarniya daga abin da ya tsiro, ya gaya maka yadda ƙasarsa ta karɓe shi. Haka na taso na gani, ban san wata hanya ba.

Wata shekara, bayan girbi, farar mota ta tsaya bakin rumbuna. Bature ɗaya ne da tafinta. Tafintan ya ce masu bincike ne, suna neman geron da ke jure fari. Namu gajere ne, yana nuna da wuri. Na hau rumbu na zaɓo musu zangarniyoyin da na ware don shuka. Suka sa a leda, suka yi rubutu a kai.

Na ce wa tafintan, "Da kaka sai mu gan ku?"

Ya yi dariya ya ce, "In Allah ya so, Baba."

Na ɗauka aro suka yi, kamar kowa. Kaka ta zo ta wuce. Ba wanda ya dawo.

Sai muka shiga mummunar shekara. Tsutsar da muke kira murzuna ta cinye zangarniya tun tana tsaye. Ɗan abin da na tsira da shi na shuka da ruwan farko, ruwa ya ɗauke. Na sake shukawa, ya sake ɗaukewa. Irin ya ƙare a ƙasa.

Na hau kabu-kabu zuwa Ƙonni, na nufi buro, wato ofishin da tafintan ya taɓa kwatanta mini. Na tarar da wani ma'aikaci daban. Ya ce aikin nan ya ƙare da daɗewa, masu shi sun koma gida.

Na ce, "Su koma. Irina fa?"

Ya buɗe hannuwa.

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ɗiyar ƙanena ta yi, har jami'a, kuma noma ta karanta. Ita ta bi sawun maganar. Ta ce geron yana can, lafiya lau, sun auna shi, sun san abin da ke cikinsa. Ta ce ma'aikata ce ke iya roƙon ma'aikata, manomi ba ya iya roƙa da kansa.

Na ce, "To ke auna mana, mu san mi ke kawo tsutsar ga."

"Baba, da mi? Na'urar da munka koya da ita, a hoto munka gan ta. Wadda ke ɗakin awonmu ta lalace tun ban shiga ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ban san abin da ke kawo tsutsar ba, kuma ina so in sani. Ga yarinya mai ƙwaƙwalwa, ga gona, ga tsutsar kanta, duk a nan. Abin dubawar ne kawai ke wata duniya.

Yayata ce ta cece ni. Tana aure a Alela, kuma lokacin da za ta tare mahaifinmu ya ba ta iri. Na tarar da ita tana sussuka.

Ta ce, "Kai da ka ba Bature, yau ni ka tuna? Shi bai kawo maka zangarniya ba?"

"Yaya, ki ba ni ko ki hana ni."

"Wa ya taɓa hanawa? Amma da kaka in ban gan ka ba, da muciya zan zo."

Ta cika mini ƙwarya. Da kaka na kai mata dami guda a amalanke.

Bara wata motar ta zo, da wasu baƙin. Wake suke so. Mutane suka taru, maigari yana zaune. Na ce ba zan bayar ba. Ba a taɓa jin an hana iri a garin nan ba. Maigari ya ce in ji kunya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai dawowa ake ba iri. Su kawo na'urarsu nan, ga ɗiyarmu ta iya. In sun auna a gabanmu, su ɗebi rumbu guda."

Tafinta ya fassara. Baƙin suka ce ba su da ikon wannan. Na ce ni ma ba ni da wake.

Wasu maƙwabta sun ba su. Wasu har yau ba su sakin fuska da ni, suna cewa na ɓata al'ada. Su ce.

Yanzu ina gonar mahaifina, geronsa ya kai ƙugu. Na yanka wa ɗiyar ƙanena gefen gabas, ta kafa turaku da igiya tana gwajinta, tana tara tsutsa a kwalba. Na'ura ba ta zo ba. Waken yana cikin rumbuna, kuma nan zai zauna.