Dashen Inna a Bakin Filin Idi

Jiya muna fitowa daga sallar roƙon ruwa a Matamaye, sai na hango mahaifiyata a bakin filin idi, tsaye kusa da amalanken jaki cike da dashen gawo da dogon yaro. Tun rani take renon su a ledoji, da ruwan da ta wanke hatsi.

Duk wanda ya zo wucewa sai ta miƙa masa ɗaya.

Alhaji Sani, maƙwabcinmu, ya tsaya yana dariya. "Hajiya, ruwa na Allah ne. Zafin nan kuma an ce hayaƙin manyan ƙasashe ne. Me ɗan itacenki zai hana?"

Inna ta ce, "Alhaji, hayaƙinsu ya fi ƙarfina. Amma mun roƙi Allah ruwa, ko? To in Ya saukar, ya tarar da saiwar da za ta riƙe shi a gonarka."

Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa. "Ba ni biyu."

Wallahi ban san lokacin da na ce wa na kusa da ni, "Uwata ce," ba.

Ku fa, wa ke ba ku irin wannan alfahari a gidanku?