Matar da ake rufewa a kwantena

Bayan tireloli shida layi ya zo kaina a tashar jiragen ruwa ta Savannah a Amurka, inda zan ɗauki kwantena babu kaya. Ƙarfe huɗu ake rufe rumbun gyaɗar da zan yi lodi, tafiyar awa uku ce, yanzu kuma sha biyu da rabi. Idan mai dubawa ta ƙi kwantenar nan, aikin yau ya wuce ni.

Gajeriya ce, za ta kai shekara sittin, furfura na leƙowa ta ƙasan hular kwano. An rubuta sunanta, Odessa, a ƙirjin rigarta. Tana bin kusurwa huɗu da 'yar guduma, tana karkata kai kamar mai zaɓen kankana. Ta sunsuna katakon ƙasa, ta shige ciki.

"Rufe ni, ɗana. Amma kada ka wuce da ni Chaina."

"Mama, ai ko sikeli ba zai san kina ciki ba."

Na rufe ƙofa. Haske take nema a cikin duhun, don huda ko kamar tsinin allura ce, ruwa zai shiga ya ruɓar da gyaɗa. Ina ƙirga daƙiƙu. Arba'in. Sittin. Ina jin gidanta cike yake da jikoki da ƙarar talabijin. A tamanin da biyar ta ƙwanƙwasa.

Ta fito tana ƙifta ido, ta sa hannu a takardata. "Lafiya lau take. Kama hanya."

"Me ya riƙe ki haka, Mama?"

"Tun daƙiƙa ashirin na gama, sarkin gaggawa. Sauran kuma nawa ne, na ɗan huta da hayaniya."