Kailu Ango da Kwalbar da ta Rage

Da hantsi Malam Kailu Ango yakan jingine kekensa a bangon ɗakin magani na Filinge, ya goge faifan hasken rana da tsumma, sannan ya zauna gaban kwamfuta ya bi saƙonnin da suka shigo daga ƙauyukan Kurfai. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma da yawa cikin masu wucewa ta ƙofarsa sun ɗauka magatakarda ne kawai.

Asalinsa mai rediyo ne. Shekara ashirin ya yi yana haɗa asibitocin karkara da na gari ta rediyon oba-oba, wadda in mutum biyu suka yi magana tare ba a jin ko ɗaya. Da salula ta zo aka ajiye rediyo, aka kawo manhaja daga Yamai. Ma'aikacin jinya zai aiko saƙo ya tambayi ko akwai maganin dafin maciji, manhaja ta duba ta amsa.

A damina ta biyu da kawo manhajar, saƙo biyu suka shigo a daƙiƙa ɗaya, ɗaya daga wajen Damana, ɗaya daga hanyar Abala, alhali kwalba ɗaya ta rage. An gina manhajar ne da sassa da yawa masu aiki lokaci guda, kowane saƙo da sashen da ke karɓarsa. Sassan biyu suka leƙa tare, kowanne ya ga kwalba, kowanne ya ce a zo. Mutanen Damana suka riga. Salisu Magagi na hanyar Abala, wanda kububuwa ta sara a gona, ya wuni a amalanke ya iske babu. Ya rayu, amma sai da aka yanke ƙafar.

Basiratu, mai ba da magani, tana wurin lokacin da Kailu ya kira waɗanda suka rubuta manhajar. Suka ce masa irin wannan sau ɗaya yake faruwa cikin dubu.

"Gudan nan sunanshi Salisu," in ji Kailu. "Ɗiyanshi shidda."

Yana da shekara hamsin da biyu ya fara koyon yaren rubuta manhaja, daga takardun da ya buga ya ɗinke da zare. Basiratu takan tsokane shi: "Baba, kai da ke danna waya da yatsa guda?"

"Gudan ya isa, ɗiyata. Ba tsere nika yi ba."

Wata takwas ya ɗauka, kuma abin da ya fito da shi dokar rediyo ce: mutum ɗaya ke magana, saura su jira. Sassan su ci gaba da sauraren ƙauyuka lokaci guda, amma kada ko ɗaya ya taɓa lissafin kwalabe. Sashe ɗaya tak ke riƙe da shi. Sashen da ke buƙatar kwalba ya aika masa saƙo ya jira, shi kuma ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Yamai suka gwada har suka gaji, sannan suka karɓa.

Daminar bara abin ya maimaitu: saƙo biyu, kwalba ɗaya. Na farko aka ce ya zo. Na biyu, Muna Tanne, wadda maciji ya sara wajen noman gyaɗa, nan take aka ce babu, aka kuma faɗi asibitin da ke da saura. Kafin azahar an yi mata allura. Da ƙafafunta ta koma gida, kuma har yau ba ta san sunan Kailu ba.

Kai ne, Baba Kailu, mai kunnen da ba ya raina saƙo, wanda bai yarda a kira gurgunta mutum tsautsayin na'ura ba. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Mu kuma da muka karanta ilimin rubuta manhaja a jami'a, duk sanda muka ji bakinmu zai ce kuskuren ba ya yawan faruwa, mu fara tambayar sunan wanda zai hau amalanke.